Kwamfutata a Tambuwal, Wasansa a Kebbe

Ni da ɗan kawuna sa'anni ne, 'yan watanni ne tsakaninmu, kuma tun muna yara ba ya kirana da sunana. "Ɗan mace" yake ce mini, ni kuma in ce masa "ɗan namiji", domin mahaifinsa wan mahaifiyata ne. Taubasai ke nan. Duk abin da ya ga dama yana iya faɗa mini a gaban mutane, ya ce ni bawansa ne, ya cire hulata ya kafa a kansa, kuma abin da ake jira daga gare ni shi ne in yi dariya in rama. Na yi dariyar shekara da shekaru. Wata takan fito daga ciki, wata kuwa iyakarta leɓe.

Shi mutum ne da abubuwa ke zo wa cikin sauƙi. Ban taɓa ganin ya duƙufa kan littafi ba, amma yana cin jarrabawa. Idan muka shiga gidan suna tare, kafin in sami inda zan ajiye takalmina har ya sa dattawa dariya. Mahaifiyata, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta ambatar sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar hira da ni. Alkunya ce irin ta iyayenmu, na sani, ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Amma da ɗan wanta ya yi sallama sai ta ajiye tsintar waken da take yi, ta sa a dama masa fura, su zauna suna ta labarin mutanen da ni ban ma san ta san su ba.

Abu ɗaya na san na fi shi, shi ne wasan kwamfuta.

Bayan mun gama sakandare akwai wani shago kusa da tashar Tambuwal inda ake buga wa mutane takardu. Mai shagon maƙwabcinmu ne, idan babu masu aiki yakan bar mu mu zauna gaban kwamfutarsa. Wasanni biyu ne a cikinta. Ɗaya na tseren motoci. Ɗayan na kafa gari ne: a ba ka fili da 'yan mutane kaɗan, ka share gona, ka haƙa rijiya, ka gina rumbu da ganuwa, sannan ka yi ciniki ko yaƙi da maƙwabta. Shi wannan ba a yi masa gaggawa, bi da bi ake motsi kamar dara. A duka biyun ina kayar da ɗan kawuna. Yakan tashi ya karkaɗe riga ya ce bawa dama shi aka sani da wahala, amma na ga yadda yake cije leɓe.

Daga nan ya tafi koyon aikin lafiya, ni na tafi kwalejin horar da malamai. Shi ya manta da wasannin, ni ban manta ba. Ranar da mai shagon ya daina buga takardu ya koma sayar da taki, ya miƙo mini faya-fayan wasannin a cikin leda. Da na fara koyarwa na sayi kwamfutar gwanjo irin ta tebur, sai wasannin suka ƙi tashi a kanta saboda sun girme ta nesa ba kusa ba. Dogon hutu guda na ɓata ina tambaya a intanet, ina gwada wannan ina goge wancan, har wata rana da hantsi kiɗan buɗe wasan ya fito daga lasifika. Matata ta leƙo daga tsakar gida ta tambaya ko lafiya, don ta ji na yi kabbara.

Tun daga lokacin nake gina ƙasata a cikin wasan kafa gari, a hankali, bayan la'asar ko ranakun da babu makaranta. Na sa wa garuruwan sunayen namu. Tambuwal ce babban birni, Sanyinna tana bakin kogi, Jabo kuma na cika ta da rumbuna. A gabas akwai wata ƙasa mai jan tuta da muka daɗe muna gwabzawa, in ci mata gari ta ƙwace, in sake ci. Ba wanda ya san da wannan duniya sai ni. Abokan aikina sun san ina da kwamfuta, amma a wurinsu ta buga tambayoyin jarrabawa ce. Mahaifiyata kuwa akwatin ɓata lokaci take ce mata, kuma ba ta taɓa tsayawa ta dubi fuskarta ba.

A farkon wata damina ɗan kawuna ya dawo daga wani horo da aka tura su Sakkwato. A lokacin yana aiki a wani ƙaramin asibiti a Kebbe, iyalinsa kuma suna nan gidan kawu a Tambuwal, yakan zo ƙarshen mako idan aiki ya bari. Ina zaure ina duba littattafan ɗalibai na ji tsayuwar babur ɗinsa.

"Ɗan mace, taho ka ga abin da ubangidanka yas sawo."

Ya zaro wani abu daga jaka, baƙi, ya ɗan fi waya tsawo da kauri, allo a tsakiya, madannai a kowane gefe, da wasu 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. Na karɓa na juya shi. Sumul yake, da ɗan nauyi mai daɗi a hannu.

"Minene wanga kuma?"

"Na'urar wasa ta hannu. Wasannin nan naka na zamanin da, suna nan?"

Na ce suna nan, amma ba za su shiga wannan ɗan abin ba. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don na san wahalar da na sha kafin su tashi.

"Ba shiga za su yi ba," in ji shi. "Kwamfutarka ita ka yin aikin. Wagga hoto kawai taka jawowa ta intanet, in na danna kuma ta aika mata. Wani abokina ya gwada min a Sakkwato. Tashi mu tafi ciki."

Ban so ba, amma ban sami dalilin ƙi ba. Ya sa wata manhaja a kwamfutata, ya haɗa na'urarsa da ɗan akwatin intanet ɗin da nake amfani da shi, ya yi ta 'yan danne-danne yana waƙa a hanci. Can sai ga kiɗan nan da na sani ya fito daga tafin hannunsa. Na dubi allon kwamfuta, na dubi nasa. Abu ɗaya ne. Motar tsere tana tsaye a bakin layi a nan, tana tsaye a can.

Ya fita da ita tsakar gida yana tuƙi yana tafiya. Ya wuce zaure, ya zauna kan dakalin ƙofar gida. Kafin a kira magariba mutum ya kai goma a kansa: tela maƙwabcina, mai shayin bakin layi, wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma biyu da suka tsayar da baburansu don su ga abin da ake kallo. Kowa yana cewa a ba shi ya taɓa. Ni ina tsaye a baya, ina leƙe ta saman kafaɗun mutane, ina kallon wasan da na raya da hannuna. Ba wanda ya tambayi inda hoton yake fitowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan ya shiga gaida mahaifiyata. Na biyo shi da jakarsa, na tarar ta sa tabarau, ta karkata kai kusa da nasa, yana nuna mata 'yan mutane suna ɗiban ruwa a rijiya.

"Ikon Allah," take cewa. "Har da awaki? Kai ɗan nan, ba ka rabo da abin mamaki."

Awakin nan shekara nawa suna kiwo a ɗakina, bango ɗaya ne tsakaninsu da ita.

Da zai koma Kebbe ya kawo maganar da na san za ta zo. Tunda ina da sola, kuma sabis ɗin Tambuwal yana da ƙarfi, in riƙa kunna masa kwamfutar bayan la'asar, shi zai riƙa sa data a akwatin. Na ce ai daga Kebbe ba zai yi ba, tazarar ta yi yawa. Ya ce mu gwada. A raina na yi fatan kada ya yi.

Ya yi. Ba kullum ba, kuma ba ko'ina ba. Ya gano cewa a ɗakinsa hoton yana daskarewa, amma akwai wata rumfar mai shayi da ke kallon ƙarfen sabis, a can abin yana tafiya. Tseren mota ya gagara, don kafin dannawarsa ta iso Tambuwal hoton ya koma masa, motar ta riga ta daki bango. Amma wasan kafa gari, da yake ba ya son gaggawa, ya zauna daram.

Haka na zama mai kunnawa. In dawo daga masallaci, in danna maɓalli, in aika masa saƙo cewa ta tashi. Sai in zauna a bakin gado. Ba abin da ya kai wannan ban haushi da ban mamaki a lokaci guda: kujerata babu kowa, linzamin kwamfuta yana kwance ba wanda ya taɓa shi, amma kibiya tana yawo a kan allo, tana zaɓen fili, tana kafa rumbu. Muddin yana wasa ni ba ni da kwamfuta, domin allo ɗaya ne. Sai in ce zan tashi in yi wani abu, amma in kasa. Ina kallon kurakuransa ina jin sanyi a rai. Ya gina kasuwa nesa da hanya, na yi murmushi. Ya bar gari babu ganuwa, na gyara zama ina jiran a cinye shi.

Ba a cinye shi ba. Makonni kaɗan sai kurakuran suka fara raguwa, har ya riƙa yin wasu dabaru da ni ban taɓa tunaninsu ba. Na gano dalili ranar da ya aiko mini saƙon murya. Bayan muryarsa ana jin hayaniyar mutane da ƙarar cokali a kofi.

"A'a, likita, kada ka kai rumbu bakin ruwa, ambaliya za ta ci shi!"

"Ku bar shi shi sayi dawaki tukuna."

"Dawakin mi? Mutane ba su ƙoshi ba kana zancen dawaki?"

Ashe majalisa guda ce ke buga wasan. Manoma, wani direba, wani malamin firamare, duk sun zama 'yan majalisar sarki, shi kuma yana tsakiya yana dannawa. Likita suke ce masa ko da yake ba likita ba ne. Na saurari saƙon na sake saurara. Ni da na yi shekaru ina wasan nan ni kaɗai, ban taɓa samun wanda zai ce mini ko da "a'a, ba nan ba".

Matata ta shigo da tulin wanki ta same ni zaune ina kallon allo, hannuwana a cinya.

"Malam, yanzu kai mai gadin kwamfuta ne ko mai ita?"

Na ce mata taimakon ɗan'uwa nake yi. Ta dube ni, ta ci gaba da ninke kaya.

Wata Laraba, bayan an ɗauke ruwan sama, na kunna masa kamar kullum na fita ɗaure akuya. Da na dawo sai na ga taswirar da ke kan allo ba tasa ba ce. Na san kowane lanƙwasa na kogin nan. Ƙasata ce ya buɗe. Kibiya tana shawagi a kan Sanyinna, ta wuce Jabo, ta tsaya a kan iyakar gabas inda na jibge sojojina. Sai na ga ya buɗe shafin aika manzo zuwa ga masu jan tuta, yana shirin miƙa musu tayin sulhu, har da kyautar hatsi daga rumbunana.

Na yi tsalle na kama linzami na ja kibiyar gefe. Ta dawo. Na sake ja, ta sake dawowa. Muka yi ta kokawa a kan ɗigo ɗaya, ni a Tambuwal shi a Kebbe, kibiya tana karkarwa a tsakiyar allo. Wayata ta yi ƙara.

"Ɗan mace, duba akwatin nan naka. Sabis ya lalace, kibiya rawa taka yi."

"Ba sabis ba ne. Ni ne."

Ya fashe da dariya, na ji yana gaya wa mutanen rumfa, su ma suka kwashe.

"Wa ya ce ka buɗe min ƙasa?" na ce. Muryata ta tashi fiye da yadda na so.

"Kayan bawa ai na ubangidansa ne. Kwantar da hankalinka, wuri daban na aje, taka tana nan yadda ka bar ta. So nika in gwada wani abu. Mutanen ga sun ce yaƙin nan naka ba shi da amfani."

Na saki linzamin. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ƙasar da na ajiye ba, kwafinta ya yi. Ba ni da abin kamawa. Na zauna na kalli masu jan tuta sun karɓi sulhu. A kwanakin da suka biyo baya na kalli hanyar ciniki ta buɗe tsakanin ƙasashen biyu, sojojin da na tara suka koma gona, Jabo ta ninka girma, Sanyinna ta sami jiragen ruwa. Ƙasata ce, da sunayen da na raɗa mata, amma a hannunsa ta fi kyau. Da ya ɓata ta da na sami abin faɗa. Da na buɗe tawa daga baya sai na ga duk ta yi mini ƙunci, na rufe ban yi motsi ko ɗaya ba.

Da aka ba da hutu mahaifiyata ta haɗa yaji da dakakkiyar kuka da daddawa ta ce a kai wa ɗan wanta, don ta ji ba ya cin abincin kirki a can. Ba ni ta ce wa in kai ba, a gabana dai ta faɗa, na kuwa gane. Na karɓa da sauri, saboda ina da tawa niyyar. Ina so mutanen rumfar nan su ga mai wasan na ainihi. Na nuna wa matata maɓallin da za ta danna bayan la'asar, na ce idan ta ga hadari ya taso da walƙiya ta kashe komai ta zare waya daga bango.

Na hau babur da hantsi. Gero ya kai ƙugu a gonaki, hanya kuma duk tabo, sai da na sauka na tura a wurare. Na same shi a wurin aiki, mata da yara cike da baranda, yana auna wani jariri yana tsokanar uwar har tana rufe baki da mayafi. Ya kai ni ɗakinsa in huta. Katifa ce a ƙasa, bokiti, risho, da igiya da ya rataye kayansa. Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, ya tara kwano. Na tsaya ina kallon ɗakin ina tuna nawa, da iyalina a kusa da ni kullum. Na so a ce tausayi ya wanke mini zuciya a nan. Ya ɗan taɓa ni, amma da idona ya faɗa kan na'urar tana caji a kan matashi, sai abin ya dawo sabo.

Bayan la'asar muka tafi rumfar. Benci biyu ne da tabarma, mutane sun riga sun hallara. Ya gabatar da ni.

"Ga bawan nawa da nika ba ku labari. Shi ka kunna muna inji."

Wani dattijo mai farin gemu ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Sannu da ƙoƙari, malam. Allah shi saka. Ran nan ka makara, mun jima muna jira."

Na ce a yi haƙuri. Ban san lokacin da na faɗa ba.

Saƙon matata ya shigo cewa ta kunna. Ɗan kawuna ya miƙo mini na'urar ya ce in nuna musu, ai ni ne gwani tun muna samari. Ya faɗa da gaske, ba da tsokana ba, kuma wannan ma ya ƙona mini rai. Maimakon in buɗe wasan kafa gari sai na zaɓi tseren mota. Na san abin da ya gaya mini game da jinkiri, amma na ɗauka rashin iyawarsa ne. Hanyar da na zaɓa na san ta kamar hanyar gidanmu.

Yatsuna sun saba da manyan madannai, waɗannan 'yan sanduna kuwa sai zamewa suke. A kwanar farko na karya, motar ba ta karya ba, sai da ta daki bango sannan ta juya. Na gyara, ta wuce gona da iri ta faɗa ciyawa. Hoton ya dagule ya koma dabbare-dabbare, ya washe, na ga motata tana kallon inda ta fito, sauran sun yi nisa.

"Wanga direba ba ni shiga motatai," in ji direban da ke cikinsu. Rumfa ta ɗauki dariya.

Na yi dariyar leɓe na ce sabis ne. Ɗan kawuna ya karɓa ya ce haka ne, sabis ne, sai dai in mutum ya saba yakan danna tun kafin ya ga kwanar. Ya zagaya sau ɗaya a hankali, bai yi sauri ba amma bai daki komai ba. Sannan ya buɗe wasan kafa gari, mutane suka matso, aka shiga gardamar ko a gina gada. Na san amsar, na san gadar za ta jawo hari daga kudu, na faɗa. Malamin firamaren ya ce to, ya juya ya tambayi likita shi mi ya gani.

Ana cikin haka hoton ya tsaya cak. Saƙon matata ya biyo baya: hadari ya haɗo a Tambuwal, ta kashe. A Kebbe ko gajimare babu. Na ji wani ɗan daɗi ya ratsa ni. Yanzu za su san daga inda abin yake zuwa, yanzu za a watse.

Ba wanda ya tashi. Ɗan kawuna ya sa na'urar a aljihu kamar ba komai, ya tambayi dattijon nan labarin ƙafarsa da ke kumbura. Daga nan aka shiga zancen tsutsar da ta faɗa wa masara, aka koma kan wani ango da ya ɓata hanya ranar ɗaurin aurensa, ɗan kawuna yana kwaikwayon muryar kowa, mutane suna riƙe ciki. Mai shayi ya ƙara zuba ruwa a butar. Na zauna a ƙarshen benci da kofina yana hucewa. Duk tsawon watannin nan ina ganin na'urar ce ta tara masa mutane. Da ita da babu ita, wurinsa suke zuwa. Wannan ya fi mini ciwo, domin na'ura ana iya saye.

Washegari da zan tafi ya rako ni har bakin hanya. Ya ce ya lura wasan yana da tsarin mutum biyu a kan inji ɗaya, kowa ya yi motsinsa ya bar wa ɗan'uwansa. Me zai hana mu kafa sabuwar taswira, ni a tebur shi a rumfa?

"Kai da majalisarka duka, ni ni kaɗai?"

"To ka samo taka majalisar mana."

Muka fara bayan na koma. Ya fi zaman kallo daɗi, ba zan ɓoye ba. In na gama motsina sai in ɗaga hannu daga linzami, in jira kibiya ta motsa da kanta. Wani lokaci yakan rubuta mini zagi a wurin sunan gari, in rama a nawa. Tela maƙwabcina ya fara leƙowa yana ba ni shawara, mafi yawanta marar amfani, amma nakan saurara. Na ci wasan farko da ƙyar. Ya ci na biyu da na uku.

Bayan girbi wani abokin aikina zai tafi Kano, na roƙe shi ya duba mini irin na'urar a kasuwa. Ya aiko mini hotuna kala-kala. Ban san bambancinsu ba, abu ɗaya na tambaya: wacce ce allonta ya fi na ɗan kawuna faɗi? Ita na ce ya ɗauko.

Ban gaya wa ɗan kawuna ba sai da ya zo ƙarshen mako. Na bari ya zauna, ya sha ruwa, sannan na zaro ta daga ƙarƙashin matashi na ajiye a gabansa. Ya ɗauka. Ya juya ta, ya auna ta da tasa, ya kunna ya ga yadda launi ya fito. Ya sake juya ta a tafin hannu.

"Ta cika nauyi," ya ce daga ƙarshe. "Tawa ta fi daɗin riƙo."

Bai ajiye ta ba dai. Ya ci gaba da shafa gefenta da yatsa yana tambaya ko batirinta yana jimawa, da wace kasuwa aka samo ta, da ko akwai saura. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, a natse, ina jan kowace amsa. Na san abin da ke cinsa, don na daɗe ina ɗauke da irinsa. Yinin ranar duka cikin nishaɗi na yi shi, har matata ta tambaya ko an yi mini ƙarin girma ne a wurin aiki.

Da yamma ya ce in ara masa ita ya nuna wa su tela a ƙofar gida. Na ce a'a, ni zan fita da ita da kaina. Muka fita tare, ina riƙe da ita, yana biye da ni yana gaya wa mutane cewa shi ya koya mini.